Baƙo a Dandamalin Wasu: Nazarin Rayuwar George Voskovec Daga Prag Zuwa New York

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin nan na Amurka mai suna 12 Angry Men, wanda ya fito a 1957, zai iya tuna wani magidanci mai gashin baki a cikin mutum 12 ɗin da aka kulle a ɗaki guda domin su yanke shawara kan yaron da ake tuhuma da kashe mahaifinsa. Ba a ba shi suna a fim ɗin ba, lamba ta 11 kawai ake ce masa. Mai sana'ar agogo ne, baƙo daga Turai, kuma da ya buɗe baki ka san ba a ƙasar aka haife shi ba. Yana magana a hankali, yana auna kowace kalma kamar mai tsoron kada ta zame masa. Amma shi ne ya miƙe ya tsare wani abokin zamansa da ya sauya ƙuri'a don kawai yana sauri ya je kallon wasan ƙwallo, ya ce masa ba shi da ikon yin wasa da ran mutum. Shi ne kuma ya tuna wa 'yan ƙasa darajar wannan zama da suke ta ƙorafi a kansa.

Sunan ɗan wasan George Voskovec. Shekara 20 kafin wannan fim, a birnin Prag na ƙasar Chekoslovakiya, ba ya auna kalma, kalmomi ne suke biyo shi. Shi da abokinsa suke rubuta wasanninsu, suke tsara waƙoƙinsu, suke tafiyar da gidan wasan kwaikwayonsu, kuma abin da suka faɗa da daddare shi gari ke maimaitawa da safe. Abin da nake son bi a wannan nazari shi ne tazarar da ke tsakanin waɗannan mutum biyu, waɗanda a gaskiya mutum ɗaya ne: me ƙaura ta bar masa, me kuma ta karɓe.

Abin da ya gina a Prag

An haife shi ranar 19 ga Yuni, 1905, a garin Sázava, da sunan Jiří Wachsmann. Sunan gidansu na Jamusanci ne, tushensa kalmar da ke nufin kakin zuma. Bayan yaƙin duniya na farko, da aka kafa Chekoslovakiya a 1918, aka mayar da sunan zuwa harshen Chek ya zama Voskovec, ma'anar ba ta canja ba. Wannan ne karo na farko da aka fassara shi. Ya yi wani ɓangare na karatun sakandare a Dijon ta Faransa, ya dawo da Faransanci a bakinsa da kuma sha'awar 'yan barkwancin da ke shafa farin kwalli a fuska.

Abokin nasa shi ne Jan Werich, tsaransa, wanda suka san juna tun suna 'yan makaranta. Ranar 19 ga Afrilu, 1927, suka nuna wani wasa da suka kira Vest Pocket Revue, da niyyar su nishaɗantar da abokai kawai. Wasan ya ƙi tsayawa, sai da aka yi shi fiye da sau 200. Daga nan suka zama ginshiƙin gidan wasan da ake kira Osvobozené divadlo, wato 'Yantaccen Dandamali, mutane kuma suka taƙaita sunansu zuwa haruffa biyu, V+W. Na ukunsu shi ne Jaroslav Ježek, makaɗin da idonsa bai gani sosai, wanda ya ɗauki kiɗan jaz na Amurka ya ɗinka masa riga da harshen Chek. Jindřich Honzl ya daɗe yana ba da umarni a wasanninsu.

Abin da ya fi jan mutane ba labarin wasan ba ne. Akwai wani lokaci da ake rufe labule domin a sauya kayan dandamali, sai su biyun su fito gaban labulen da fuskokinsu farare fat, su kama hira. Wannan hira, wadda suke kira forbína, ba a rubuta ta duka. Labarin da jarida ta buga da safe, maganar da wani minista ya yi, tari ko dariyar da wani ɗan kallo ya saki a daidai lokacin, duk suna iya shiga. Sai su kama kalma guda su yi ta juya ta, su fahimce ta a karkace da gangan, har ta kai su inda babu wanda ya zata. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin a nan asarar da za ta zo daga baya take. Irin wannan wasa mutum uku ke yinsa: mai jefa magana, mai cafewa, da jama'ar da ke gane rabin kalma. Idan aka cire na ukun, biyun da suka rage ba su da abin yi.

Da farko barkwanci ne zalla. Amma matsin tattalin arzikin shekarun 1930 ya zo, marasa aiki suka cika titi, maƙwabciyarsu Jamus kuma ta faɗa hannun Hitler a 1933. Sai wasan ya yi kaifi. A 1932 sun yi Caesar, inda suka fake da tsohuwar Rum suka yi wa masu mulkin kama-karya zambo, kowa kuma ya san Mussolini ake nufi. A 1933 suka yi Osel a stín, wato Jaki da Inuwa, har ofishin jakadancin Jamus ya kai ƙara. A 1934 suka yi Kat a blázen, Hauni da Wawa, sai matasa masu ra'ayin fasistanci suka riƙa shiga gidan wasan suna ta da hargitsi don a dakatar. A kakar 1935 suka koma wani ƙaramin zaure, suka sauya wa kansu suna zuwa Ɗaurarren Dandamali, wanda shi kansa habaici ne. Tsakanin 1931 da 1937 sun yi finafinai 4, na ƙarshen sunansa Svět patří nám, Duniya Tamu Ce.

Duniyar ba ta zama tasu ba. A ƙarshen Satumban 1938 aka sa hannu kan yarjejeniyar Munich, Ingila da Faransa suka amince a yanke wa Jamus yankunan iyakar Chekoslovakiya. Gwamnatin da ta rage ba ta son abin da zai fusata Berlin, sai aka rufe gidan wasansu a watan Nuwamba. A Janairun 1939 Voskovec da Werich da Ježek suka bar ƙasar zuwa Amurka. Ranar 15 ga Maris sojojin Jamus suka shiga Prag. Da sun yi jinkirin wata biyu, da wuya su tsira, don sunayensu ba ɓoyayyu ba ne.

Hijira ta farko

Sun isa New York da suna mai nauyi wanda babu mai iya furta shi. A nan Jiří ya zama George. Da farko sun riƙa yi wa 'yan ƙasarsu mazauna Amurka wasa, jama'a kaɗan, kuɗi kaɗan. Sun gwada mayar da wasanninsu zuwa Turanci a wani gidan wasa na birnin Cleveland. Labari ya fassaru, waƙa ma an lallaɓa, amma hirar gaban labule ta ƙi. Mutum na iya haddace barkwanci a harshen da ya koya da girma, sai dai ƙirƙiro shi nan take, a cikin daƙiƙar da dariya ke jira, wani abu ne daban. Sannan ko da sun iya, ɗan kallon Cleveland bai san ministan da ake yi wa shaguɓe ba.

Ježek ya rasu a New York ranar 1 ga Janairu, 1942, yana da shekara 35. Sauran biyun suka samu aikin da ya fi dacewa da su a duk zamansu na farko: hukumar yaɗa labaran yaƙi ta Amurka ta ɗauke su suna shirye-shiryen rediyo da harshen Chek, ana watsa wa mutanen gida da ke ƙarƙashin mamaya. Sun koma harshensu, sun koma ga jama'arsu, amma jama'ar da ba sa gani, wadda ke saurare a ɓoye, domin kama tashar waje laifi ne da zai iya kai mutum ga kisa. Ina yawan tunanin yadda ɗan barkwancin da ya saba auna numfashin zaure zai ji idan ya jefa magana cikin makirufo, shiru ya biyo baya.

A farkon 1945 suka hau dandamalin Broadway, unguwar manyan gidajen wasan kwaikwayo ta New York, a wasan Shakespeare mai suna The Tempest, ƙarƙashin umarnin Margaret Webster. Voskovec ya fito a Trinculo, Werich a Stephano, wato mashaya biyu da ke ba da dariya a gefen labari. Wanda ya fito a Caliban, bawan da ke cikin labarin, shi ne Canada Lee, baƙar fatar Amurka da daga baya aka sa sunansa cikin waɗanda ake hana wa aiki bisa zargin gurguzu. Wannan wasa ya nuna abin da Amurka ta shirya ba su: wuri a cikin maganar wani, ba tasu ba. Werich bai gamsu ba. Voskovec kuwa ya fara gane cewa zai iya rayuwa a haka.

Komawa gida

Werich ya koma Prag a 1945, Voskovec ya biyo shi a 1946. Sun sake buɗe gidan wasa, sun tarar da abin da masu dawowa daga hijira suka saba tararwa. Mutanen da suka zauna shekara 6 ƙarƙashin mamaya ba su ne waɗanda suka bari ba. Maƙiyin da kowa ya yarda a zaga ya faɗi, wanda ke tasowa kuma ba a taɓa shi, don 'yan gurguzu ne suka fi kowa ƙuri'a a zaɓen 1946. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

A wannan ɗan tsakanin ne Voskovec ya yi aikin da ya fi nuna shi a matsayin darakta. Sun ɗauko wani wasan waƙe-waƙe na Broadway, Finian's Rainbow, wanda ya fito a 1947, suka sake masa ƙasa. A asali baƙon da ya je Amurka ɗan Ayalan ne, aljanin da ke bin sa kuma na tatsuniyar Ayalan. Su sai suka mayar da baƙon ɗan Chek, aljanin kuma ya zama na ruwa daga tafkunan kudancin Bohemiya, wanda kowane yaro ya sani. Werich ya fito a aljanin, Voskovec ya tsaya a baya yana ba da umarni. An fara nuna shi a Maris ɗin 1948 da sunan Divotvorný hrnec, Tukunyar Al'ajabi, kuma ya karɓu ƙwarai. A ganina wannan ne kaɗai lokacin da ƙaurarsa ta zama riba tsantsa: mutumin da ya san yadda Broadway ke ɗinka waƙa da rawa da labari, ya kuma san abin da ke sa ɗan Prag dariya. Ba mutane da yawa ne suka riƙe makullan biyu a lokacin ba.

Sai dai kwanaki kaɗan kafin nan, ranar 25 ga Fabrairu, 'yan gurguzu sun karɓe mulki gaba ɗaya. Ranar 10 ga Maris aka tsinci gawar ministan harkokin waje Jan Masaryk a ƙarƙashin tagar gidansa da ke ma'aikatar. Voskovec ya fita a cikin wannan shekara zuwa Paris, inda ya yi aiki da hukumar UNESCO. Werich ya zauna. Shekara 21 na aiki tare ta ƙare a nan, kuma Voskovec bai sake taka ƙasar ba har ya rasu.

Ba na son a ɗauka ɗaya ya yi daidai ɗaya ya yi kuskure. Werich ya riƙe harshe da jama'a, ya biya da yin taka-tsantsan da kowace kalma a gaban hukuma har ƙarshen rayuwarsa. Voskovec ya riƙe 'yancin bakinsa, ya biya da rasa waɗanda zai yi wa magana. Kowannensu ya ɗauki rabin abin da suke da shi tare.

Wata 11 a tsibiri

A 1950 ya nufi Amurka, ƙasar da ya yi wa aiki lokacin yaƙi. Ba a bar shi ya shiga ba. Aka tsare shi a tsibirin Ellis, a bakin New York, har wata 11, bisa zargin yana da alaƙa da gurguzu.

Yana da kyau a fahimci yadda hakan ya yiwu. A dokar Amurka ta lokacin, wanda yake bakin iyaka bai shiga ƙasa ba tukuna, ko da ƙafarsa na kan ƙasar, don haka ba shi da kariyar da mazauna ke da ita. A Janairun 1950 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Ellen Knauff, matar wani Ba'amurke da ita ma aka tsare a wannan tsibiri, cewa gwamnati na iya hana baƙo shiga ba tare da zaman sauraro ba, bisa bayanan da ba sai ta bayyana ba. A Fabrairu Sanata Joseph McCarthy ya fara yaƙinsa na farautar 'yan gurguzu. A Satumba majalisa ta zartar da dokar tsaron cikin gida da ake kira dokar McCarran, duk da Shugaba Truman ya ƙi sa hannu. A irin wannan yanayi tarihin Voskovec ya zama kaya a kansa. Ya yi wasanni kan yunwa da rashin aiki, ya yi gāba da fasistanci tun kafin hakan ya zama ado, 'yan gurguzu sun yaba masa a shekarun 1930, sannan ya fita daga Prag da takardu bayan juyin mulki. Duk abin da ya sa 'yan Nazi suka tsane shi, shi aka juya ya zama hujja a kansa. A can gida kuma, gwamnati na kallonsa a matsayin wanda ya gudu wajen maƙiya.

An sake shi a 1951, ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1955. A tsakiyar shekarun 1950 ɗin ya fito a wani wasan talabijin da aka gina kan wannan tsarewa, yana taka rawar kansa. Idan aka san wannan, kallon lamba ta 11 yakan canja. Mutumin da ke tsaye yana gaya wa Amurkawa cewa zaman adalci abu ne mai daraja, ya san da jikinsa yadda rashinsa yake, kuma a ƙasar tasu ya sani.

Ƙofar da talabijin ta buɗe

Ya fito daga tsibiri yana da shekara 45 da 'yan kai, ba abokin wasa, ba gidan wasa, da Turanci mai karin baƙi. Abin da ya cece shi shi ne lokacin ya dace da wani yanayi na musamman a tarihin talabijin. A farkon shekarun 1950 yawancin wasannin talabijin na Amurka daga New York ake watsa su, kuma kai tsaye. Kamfanoni irin su Westinghouse da Kraft da Philco suna ɗaukar nauyin shirin da kowane mako ke kawo sabon labari da sababbin 'yan wasa. Babu damar a yanke a sake. Idan ka manta magana, miliyoyin mutane na kallo. Saboda haka masu shiryawa suka fi neman waɗanda suka goge a dandamali, masu haddace dogon zance cikin 'yan kwanaki, waɗanda ba sa rikicewa idan ƙofa ta ƙi buɗuwa ko abokin wasa ya ɓata layi. Mutumin da ya yi shekara 11 yana ƙirƙirar magana a gaban labule kowane dare, babu abin da kyamara za ta tsorata shi da shi. A nan tsohuwar sana'arsa ta biyo shi ta wata ƙofa.

Wasan mutum 12 ɗin nan ma a talabijin aka fara shi, a Satumban 1954, cikin shirin Studio One na tashar CBS. Reginald Rose ya rubuta, Franklin Schaffner ya ba da umarni. Da Sidney Lumet ya zo mayar da shi fim tare da Henry Fonda, mutum biyu kacal aka ɗauko daga na talabijin: Joseph Sweeney, wanda ya fito a tsoho mai lamba 9, da Voskovec. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Berlin a 1957.

A dandamali ma ya samu abin da za a kira nasara ba tare da ƙari ba. A 1956 ya fito a babban matsayi cikin Uncle Vanya na Chekhov a wani ƙaramin gidan wasa na New York, ya samu kyautar Obie, wadda ake bayarwa kan wasannin ƙananan gidajen wasa na birnin, a shekarar farko da aka fara ba da ita. Wannan ya fi komai burge ni a rayuwarsa ta biyu. Vanya mutum ne da ya wayi gari a tsakiyar shekarunsa ya ga ƙarfinsa ya tafi wajen hidimar wani, yana ba da dariya yana ƙuna a ciki. Ɗan barkwancin da ya san asara ne ya fi dacewa da shi. A 1964 ya fito a Broadway cikin The Physicists na Dürrenmatt, ƙarƙashin umarnin Peter Brook, a matsayin majinyacin da ke cewa shi ne Einstein. A fim ya fito lauyan Jamus ta Gabas cikin The Spy Who Came in from the Cold a 1965, ya fito ɗan duba daga Holan cikin The Boston Strangler a 1968.

A lura da jerin. Ɗan Rasha, Bajamushe, ɗan Holan, baƙon da ba a faɗi ƙasarsa ba. Masu rarraba matsayi ba su damu da wace Turai ya fito ba, lafazin kawai suke saye. Karin harshen da ya rufe masa ƙofar manyan matsayi na 'yan ƙasa, shi ne ya zame masa jari, don kullum ana buƙatar likita baƙo, farfesa baƙo, ɗan leƙen asiri, ko tsohon da ya tsere wa yaƙi. Da aikin talabijin ya koma Hollywood, aka daina watsa wasa kai tsaye, sai ya zama ɗaya daga cikin fuskokin da ake gani a shiri kaza wannan mako, shiri kaza mako mai zuwa, a gane fuskar ba a san sunan ba. Sana'a ce ta mutunci, ta ciyar da shi shekara 30. Da yawa daga cikin 'yan wasan Turai da suka yi hijira a zamaninsa ba su samu ko rabin haka ba.

Abin da bai haye teku ba

Idan aka raba Voskovec na Prag gida huɗu, za a samu marubuci, mai tsara waƙa, mai gidan wasa da ba da umarni, da ɗan wasa. Na ƙarshen ne kaɗai ya yi suna a Amurka. Wannan ba don basira ta ragu ba ne, yanayin sana'o'in ne ya bambanta. Ɗan wasa na aiki da jikinsa da muryarsa cikin kalmomin da wani ya rubuta, kuma darakta na iya ɗaukarsa aikin mako uku ba tare da ya yi caca da dukiya ba. Shi kuwa darakta sai an damƙa masa kuɗi da mutane, abin da ba a cika damƙa wa wanda ba a san tarihinsa ba, balle wanda ya fito daga tsare kan zargin siyasa. Nasarorin da zai kafa hujja da su an yi su ne a harshen da masu kuɗin Broadway ba sa ji, a ƙasar da ke bayan shingen yaƙin cacar baka. Marubucin zambo kuma ya fi kowa wahala. Zambo na ɗan gida ne. Idan ɗan gari ya zagi sarkinsa, ana cewa ya faɗi gaskiya. Idan baƙo ya yi, ana tambayarsa wa ya gayyato shi. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba.

Marubucin bai mutu ba, ya koma cikin wasiƙa. Shekara da shekaru shi da Werich suna rubuta wa juna, sun san akwai mai buɗe wasiƙun a hanya, don haka suka koma ga tsohuwar dabararsu ta faɗin abu a karkace. A can yake sakin harshen Chek ɗinsa, yana wasa da kalma, yana ba da labarin gwajin wasa da ƙarancin kuɗi da tsufa, ga ɗan kallo guda ɗaya tak. An tattara wasiƙun an buga su cikin littattafai 3 bayan rasuwarsu, masu karatun Chek kuma suka karɓe su hannu bibbiyu. Hirar gaban labule ce ta ci gaba, sai dai amsa kan ɗauki makonni kafin ta iso.

A gida, Werich ya farfaɗo da wasu tsofaffin wasanninsu a shekarun 1950 tare da sabon abokin hira, Miroslav Horníček. Waƙoƙin da suka yi da Ježek ba su daina yawo a bakin mutane ba, matasan da ba su taɓa ganin Voskovec ba suna rera baitocinsa. Wato a ƙasar da aka san ko shi wane ne ba a ganinsa, a ƙasar da ake ganinsa kowane mako ba a san ko shi wane ne ba.

Sun haɗu 'yan lokuta a ƙasashen waje idan Werich ya samu izinin fita. Haɗuwar ƙarshe a Viyana aka yi ta, a 1974, tafiyar 'yan sa'o'i daga Prag. Werich ya rasu ranar 31 ga Oktoba, 1980. A farkon 1981 tashar NBC ta nuna shirin Nero Wolfe, inda Voskovec ya fito a Fritz Brenner, kukun gidan Wolfe mai binciken laifuka, wani baƙon kuma, wannan karon daga Suwizalan. Ranar 1 ga Yuli na wannan shekara ya rasu a Pearblossom, wani ƙaramin gari a bakin hamadar Kaliforniya, yana da shekara 76, wata 8 bayan abokinsa. A maƙabartar Olšany da ke Prag, inda Ježek ma yake kwance, akwai kabari guda mai ɗauke da sunayensu su biyu, kuma sunan da aka rubuta masa a can Jiří ne.